Yadda Ake Gyara Gida Ya Rage Zafi, Ya Rage Hayaƙi, Ya Rage Cin Kuɗin Fetur

Bazarar 2024 ce ta sa na zauna na yi wa gidana karatun ta natsu, lokacin azumi ne, Nepa ba ta kawowa, fetur ya yi tsada tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, ga yara sun kasa barci a ɗaki sai dai mu fito da tabarma tsakar gida, shi ma simintin tsakar gidan har ƙarfe sha ɗaya na dare in ka ɗora tafin hannu a kai za ka ji ɗumi kamar bayan tanda. A watan Afrilun shekarar ne aka auna zafi digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Toh abin da na koya daga lokacin zuwa yanzu shi zan jero maka ɗan uwa, kuma dan Allah ka bi shi a jere, don yawancin mutane daga ƙarshe suke farawa, su ruga su sayo sola alhali gidan na shan zafi ta sama ta gefe, sai ya zama kana zuba ruwa a kwando.

Amma bari mu fara da iskar da ake ta magana a kanta wajen ɗumamar yanayi, don ka san me kake ragewa.

Rana tana aiko da haskenta, ƙasa ta yi zafi, sai ta riƙa mayar da zafin sama. A cikin iskar da ke kewaye da duniya akwai wasu iskoki 'yan kaɗan da suke tare wani ɓangare na wannan zafin su hana shi ficewa, kamar dai bargon da kake lulluɓa da shi da hunturu, bargon ba wuta yake hurawa ba, ɗumin jikinka yake riƙe maka. Kuma rahama ce, don ba don su ba da matsakaicin yanayin duniya ya kai digiri 18 ƙasa da sifili maimakon wajen 15 da muke da shi. Matsalar ita ce mun ƙara wa bargon kauri. Babbar iskar da muka ƙara ita ce kabon dayoksaid, wadda ke fitowa duk lokacin da aka ƙona fetur, dizal, kananzir, gas, kwal, itace ko gawayi. Kafin zamanin masana'antu tana wajen kashi 280 cikin miliyan na iska, yanzu ta haura 420, kuma tun 1958 ake aunawa a kan dutsen Mauna Loa na Hawai. Ta biyu metan, ita ce ke tashi daga juji da bola in shara ta ruɓe a danne, da gyatsar shanu, da fadamar shinkafa, da yoyon bututun gas. Ba ta daɗewa sosai, wajen shekara 12 ne, amma a cikin shekara 20 ta fi kabon riƙe zafi kusan sau 80. Ta uku naitros oksaid, mafi yawanta daga takin zamani, ta fi kabon ƙarfi wajen sau 270. Sai kuma gas ɗin esi da firij wanda zan dawo kansa, don shi ne mutane suka fi rainawa.

Wani zai ce to mu ina ruwanmu, ai Afirka gaba ɗaya ba ta kai kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin da duniya ke fitarwa ba. Gaskiya ne wallahi, kuma ba na son a ɗora wa mai dafa tuwo da kara laifin masana'antun Amurka da Chaina da Turai. Amma ka duba, a gidajenmu hayaƙi da kuɗi hanyarsu ɗaya. Duk litar fetur da janareta ya sha, kabon kilo 2.3 ya tura sama, dizal kilo 2.7. In kana zuba lita 3 kullum da dare, kusan kilo 7 kenan a rana, a shekara tan biyu da rabi, daga ɗan injin da ke bayan ɗakinka. Ka lissafa kuɗin lita dubu da 'yan kai da farashin yau ka gani. Wutar Nepa ma mafi yawanta da gas ake samar da ita, ta madatsun ruwa irin su Kainji da Jebba da Shiroro ita ce kaɗan. Don haka duk abin da ka rage, aljihunka da ƙirjin iyalinka ne za su fara shaidawa.

Mataki na farko, awo. Kada ka sayi komai tukuna. Ka samu littafi ɗan ƙarami, sati guda cur ka riƙa rubuta lita nawa ka zuba a inji, yunit nawa mita ta ci daga safe zuwa safe, gawayin nawa ko itacen nawa aka saya, silindar gas kwana nawa take yi. Sannan ka zaga gida ka juya bayan kowane kayan wuta, akwai 'yar takarda da aka rubuta lamba da harafin W, wat kenan. Ka ninka wat da awannin da abin ke aiki, ka raba da 1000, ya ba ka yunit. Fankar sama ta da tana cin wajen wat 75, in ta yi awa 10 ta ci yunit 0.75. Dutsen guga wat 1000 ko fi, hita da butar lantarki 1500 zuwa 2000, esi mai doki ɗaya da rabi sama da 1000. Da ka gama wannan lissafin da kanka za ka ga ɓarawon gidan, ba sai an nuna maka ba. A mafi yawan gidajen da na sani a Kano, fanka da esi da firij su ne ke cinye wutar, wato yaƙi da zafi, shi ya sa mataki na biyu rufi ne.

Kwanon rufi, musamman wanda ya yi tsatsa ko mai launin duhu irin wanda ake yayi yanzu baƙi da ruwan ƙasa, da tsakar rana yana haura digiri 60, kuma duk wannan zafin ƙasa yake saukowa kanka. Fari shi ne ke mayar da hasken rana. A birnin Ahmedabad na Indiya, inda zafinsu ya yi kama da namu, sun daɗe suna shafa wa rufin gidajen talakawa farin fenti da farar ƙasa, kuma ana samun saukar zafin ɗaki digiri 2 zuwa 5. In ba ka taɓa kwana a ɗakin langa-langa a watan Afrilu ba za ka ce kaɗan ne, wanda ya kwana ya san digiri uku shi ne tsakanin barci da juye-juye.

Ga yadda ake yi. A zaɓi watan Janairu ko Fabrairu, ba a fafe gora ranar tafiya, kada ka bari sai zafi ya kankama. A hau da sassafe kafin kwano ya ɗau zafi, kuma mai hawan ya riƙa taka layin ƙusa inda katako yake a ƙasa, in ya taka tsakiya kwano zai lotse ko ya ɓurma da shi, sannan a lura da wayar Nepa da ta ratsa ta saman gida. A share ƙurar hunturu tas, a goge tsatsa da burushin waya, inda ya huje a liƙe, ƙusar da ta ɗago a mayar. Inda tsatsa ta ci a fara shafa jan fentin nan na hana tsatsa da masu walda ke shafa wa ƙofa, a bari ya bushe. Sai farin fentin mai ko wanda aka yi don rufi, shafi biyu, a bar kwana ɗaya tsakani. Kada a yarda mai fenti ya tsinka shi da yawa don ya isa, damina ɗaya zai wanke. In rufinka na kankare ne, farar ƙasa ma ta isa, ta fi araha nesa ba kusa ba, sai dai duk shekara za ka sabunta. Kuma ko an yi fentin, ƙura tana mayar da fari ya koma ja, don haka ƙarshen hunturu a hau a share.

Daga nan silin. Ɗakin da babu silin, kai da kwano kuna kallon juna, ba abin da fanka za ta yi sai dai ta kaɗo maka iska mai zafi. In akwai silin, ka sa tsani ka ɗaga murfin nan ka leƙa da rana, iskar da za ta bugi fuskarka za ta gaya maka komai, zafi ne ya taru a tsakanin kwano da silin ba shi da mafita. Ka kira birkila ya huda ƙananan tagogi biyu a can saman bango ƙarƙashin rufi, ɗaya a wannan gefen ɗaya a wancan, a sa musu raga mai ƙarfi saboda jemagu da ɓeraye da tsuntsaye. Wannan aikin bulo huɗu ne da siminti kaɗan amma yana aiki sosai. In da hali, a shimfiɗa takardar nan mai ƙyalli kamar gwangwani a ƙarƙashin kwano, ɓangaren mai ƙyallin ya zama akwai sarari a gabansa ko da faɗin yatsu uku ne, don in ta manne da wani abu ta ko'ina amfaninta ya tafi. Kafin a sa komai a cikin silin mai gyaran wuta ya duba wayoyi, duk haɗin da aka naɗe da leda a kwance a sake shi, kuma ni ba na ba da shawarar cusa soso ko tsumma ko buhu kusa da waya, gobarar silin ba ta sallama.

Mataki na uku, inuwa da iska. A nan kakanninmu sun riga mu. Ka shiga Gidan Makama a Kano da azahar, ko tsohon masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, ko kowane soro na tubali da azara a cikin gari, za ka ji sanyi yana ratsa ka ba fanka ba esi. Bangon ƙasa mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, kafin ya ratsa ciki dare ya yi, ga rufi mai tsayi, ga tagogi ƙanana. Mu kuma muka koma bulo inci shida mai rami, da tagogin gilas manya-manya suna kallon yamma. Ban ce ka rushe gidanka ba, amma in kana da ɗakin ƙasa mai lafiya kada ka rushe shi don ana cewa na ƙauye ne, ka gyara yaɓensa da indararo. Siminti kansa yana da alhakin wajen kashi 8 cikin ɗari na kabon ɗin duniya.

Bangon da ya fi wahalar da kai shi ne na yamma, wato wanda kake ba wa baya in ka ta da sallah. Daga azahar zuwa magariba rana na dukansa, da dare kuma ya sako maka zafin a kan gado. Ka taɓa shi bayan isha'i ka taɓa na gabas ka ji bambanci. Maganinsa inuwa daga waje. Labule mai kauri a ciki yana taimakawa kaɗan, amma zafin ya riga ya shigo ta gilas. A rataya asabari a wajen taga, ko a kafa rumfar zana ko ta kara da ɗan tazara daga bangon yadda iska za ta wuce, a shafa wa bangon farin fenti ko farar ƙasa. Sannan bishiya. Darbejiya tana saurin girma ba ta son ruwa da yawa amma saiwarta na fasa gini da shadda, a ba ta tazarar taku shida ko fi daga bango. In wurin ya matse, zogale ko gwanda ko inabi a kan rumfa. Kuma dan Allah in za a gyara tsakar gida kada a malale ta da siminti ko intalok gaba ɗaya, a bar wani ɓangare da ƙasa ko yashi, a yayyafa ruwan wanke-wanke mara omo da yawa da yamma. Ni na fasa siminti kamar faɗin tabarma biyu a gefen yamma na dasa bishiya, kuma nan ne yanzu mahaifiyata ke shimfiɗa darduma in ta zo.

Tagogi kuma akwai lokacinsu. Da bazara, iskar waje da rana ta fi ta ɗaki zafi, don haka daga hantsi a rufe taga a saki labule, in rana ta faɗi iska ta fara sanyi a buɗe duka, ta gaba da ta baya, iska ta ratsa har asuba ta sanyaya bango. Ɗakin da tagarsa ɗaya ce iska ba ta ratsa shi, a huda ƙarama a bangon da ke fuskantarta, can sama, don iska mai zafi sama take taruwa. Duka a sa ragar sauro. Da hunturu kuma akasin haka, a toshe ƙasan ƙofa da gefen taga da tsumma ko roba, ɗakin zai riƙe ɗumi, ba sai an shigo da kaskon gawayi ba. Wannan kam ina roƙo da babbar murya, gawayi ko janareta a rufaffen ɗaki ko baranda yana fitar da kabon monoksaid, iska mara wari mara launi, mutum yana barci take kashe shi, kuma duk shekara sai mun ji an rasa iyali guda ta haka.

Mataki na huɗu, kayan wuta. Sai yanzu za ka fara sayayya. Ƙwan fitila na da mai wat 60, na LED mai wat 9 yana ba da haske kamarsa. Ƙwai 10 awa 6 a dare, na da yunit 3.6, LED yunit 0.54, kuma na da ɗin mafi yawan wutar da yake ci zafi yake mayar da ita, kana biyan kuɗi ana dafa maka ɗaki. Fanka kuma akwai masu injin DC da ke cin wajen wat 30, uku a awa 10 yunit 0.9 maimakon 2.25. Ba sai ka canza duka rana ɗaya ba, ka fara da wadda ta fi daɗewa a kunne, ta ɗakin yara ko ta falo.

Firij, ka ɗauki takardar naira ka sa a bakin ƙofa ka rufe ka ja, in ta zare ba wata turjiya robar ta mutu, sanyi na zuba dare da rana, canza roba ba tsada. Ka janye shi daga bango kamar faɗin tafin hannu, ka goge ƙurar bayansa, ka raba shi da murhu da hasken taga, kada uwargida ta sa miya da zafinta. Ruwan sha kuwa ba dole sai firij ba, randa a inuwa a kan jiƙaƙƙen yashi tana yi, kuma kayan miya akwai dabarar tukunya cikin tukunya da yashi mai laima a tsakani, wadda malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. A busasshiyar iskar bazara ta fi aiki, da damina ƙarfinta na raguwa.

Esi, in kana da shi, ka daina sa shi a 16. Sa shi a 16 ba ya sa ɗaki ya yi saurin sanyi, hana injin hutawa kawai yake yi. Ka sa 25 ko 26 ka haɗa da fanka. Hukumar kula da makamashi ta Indiya ta ƙiyasta duk digiri ɗaya da ka ƙara yana rage cin wuta wajen kashi 6 cikin ɗari. Ka wanke ragar cikinsa duk sati biyu lokacin ƙura, ka yi wa injin waje inuwa ba tare da ka toshe masa iska ba. Sai maganar gas ɗinsa. Wata rana na kira wani mai gyara ya cire min esi zan mayar da shi wani ɗaki, ina tsaye ya kwance bututu kawai, sai ji na yi fuuu, farin tururi ya fito har ya daskarar masa da sifana, ya ce ba komai Alhaji za mu sake cikawa. A lokacin ban san me na yi asara ba. R22 na tsofaffin esi ya fi kabon riƙe zafi wajen sau 1,800, R410A sama da sau 2,000, wato kilo ɗaya da ya tsere ya yi daidai da tan biyu na kabon, kusan abin da injina ke fitarwa a wata tara ko goma. Saboda iskoki irin R410A ƙasashen duniya suka yi yarjejeniyar Kigali ta rage amfani da su a 2016. In za a cire esi ka ce a fara tara gas ɗin a cikin injin waje kafin a kwance bututu, mai gyara na ƙwarai ya san yadda ake yi, minti biyar ne. In kullum sai an ƙara maka gas, yoyo ne, a nemo shi da ruwan kumfa a liƙe. In sabo za ka saya ka duba takardar jikinsa, esi mai R32 ya fi sauƙi wajen sau 675 ne, firij kuma mai R600a wanda nasa bai taka kara ya karya ba.

Mataki na biyar, madafi. 'Yar uwa wannan naki ne, amma maigida kai ne za ka fitar da kuɗin don haka ka karanta. Murhun duwatsu uku kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari kawai na zafin itace ke shiga tukunya, saura iska ta kwashe. Gawayi kuma kafin a samu kilo ɗaya a ramin gargajiya sai an ƙona itace kilo 5 zuwa 10 a daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki a cikin gida ya kashe mutum wajen miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma mun san su waye a bakin murhu, mata ne da goyo a baya. Gas ma yana fitar da kabon, kilo ɗaya wajen kilo 3, amma zafinsa na shiga tukunya sosai kuma babu baƙin hayaƙi, shi ya sa na fi son sa ga mai hali. Sai dai na san tuƙa tuwon mutum ashirin a kan gas ba kowa zai iya ba. To a raba, shayi da ɗumame da miya da taliya a kan gas, babban girki a kan ingantaccen murhu. Ko na laka ne da za a gina a gida ya yi, a kewaye wutar ta ko'ina a bar ƙofa ɗaya ta itace, tukunya ta zauna a ciki da ɗan sarari kamar kaurin yatsa a kewayenta yadda harshen wuta zai lashi gefenta. Itace busasshe a faskara shi ƙanana, ɗanye wani ɓangare na ƙarfinsa a busar da kansa yake tafiya. Murfi a kan tukunya koyaushe. Wake a jiƙa shi tun dare. Tukunyar nan mai huci ta ganda da ƙafar sa da wake tana rage lokaci fiye da rabi.

Akwai kuma kwandon girki wanda ba ya cin sisi. A samu babban kwando ko kwali, a shimfiɗa tsofaffin zannuwa ko bargo a ƙasa da gefe da kauri, a yi matashi na rufewa. Shinkafa in ta tafasa minti biyar, wake minti ashirin, a sauke da murfinta ba a buɗe ba a sa a ciki a danne da matashin. Shinkafa bayan kamar minti arba'in ta nuna ba ƙonewa ba ƙanzo, wake awa biyu zuwa uku. Nama dai a tabbatar ya tafasa sosai kafin a sa, kuma kada abinci ya wuni a ciki har ya huce, in ya huce a sake tafasa shi. Mai gas kuma, silinda a tsaye a inda iska ke shiga, tiyo da ya fara tsagewa a canza, a gwada mahaɗa da ruwan kumfa ba da ashana ba. Shara ma a raba, ɓawon kayan miya da tokar murhu da kashin awaki a tara a gefe ana juyawa ya zama taki, a daina cinna wa leda wuta a ƙofar gida.

Na ƙarshe, sola. Ka ga amfanin jinkirin yanzu. Gida mai fanka uku na da, ƙwai goma na da, talabijin da firij yana cin sama da yunit 7 a rana. Bayan canji, fanka 0.9, fitilu 0.54, talabijin 0.3, firij wajen 1, cajin waya kaɗan, duka wajen yunit 3. Solar da za ka saya ta ragu fiye da rabi. Lissafin faranti, a arewa ka ɗauka kana samun awa 5 na cikakkiyar rana don ka kasance a amince, yunit 3 ɗin nan ka ninka da 1000 ya zama 3000, 3000 raba 5 ya ba ka wat 600, ka ƙara kashi 30 saboda zafi da ƙura da asarar waya, wajen wat 800, faranti biyu masu 450 sun isa. Batir kuma ka duba abin da kake ci da dare, a ce yunit 2. Batirin ruwa mai 12V 200Ah a rubuce yunit 2.4 ne amma rabi kawai za ka riƙa ci in kana so ya daɗe, don haka biyu kake buƙata. Batirin litiyom ana iya cin kashi 80 ko fi kuma ya fi shekaru, tsadar farko ce matsalarsa. Ni na farko da aka haɗa min batir ɗaya aka sa min da siririyar waya, mai haɗawar ya ce zai ɗauki komai har firij, bai yi shekara ba ya daina riƙe caji, don kullum sai mun tatse shi tas kafin asuba. Ka sa mai haɗawa ya rubuta maka lissafinsa a takarda ka gwada da naka.

Faranti ya kalli kudu, wato hannun damanka in ka fuskanci gabas, da ɗan karkata digiri 10 zuwa 15 yadda ruwa zai wanke shi, a ɗaga shi daga kwano iska ta bi ta ƙasansa don zafi na rage masa ƙarfi, kuma ko inuwar tankin ruwa ko eriya kada ta faɗo a kai. A sa fis da abin kariyar tsawa. Guga, famfon tura ruwa tanki da injin wanki a yi su tsakanin ƙarfe goma da uku na rana, lokacin wutar daga faranti take zuwa kai tsaye. Mataccen batir kada a bar shi yara na wasa da shi ko a fasa shi a gida, darmar cikinsa guba ce, a mayar wa masu sayarwa su karɓa a rage maka kuɗin sabo.

In kana haya ne, ƙwai da fanka da asabari da kwandon girki da ƙaramar sola duk naka ne, ranar tashi ka kwance ka tafi da su. Fentin rufi da huda taga kuma ka samu mai gidan ku yi magana a cire a kuɗin haya, ka nuna masa fentin zai hana kwanonsa tsatsa. Da hunturu kuwa, duk kwana uku ko huɗu a hau da sassafe kafin gilas ya yi zafi, da bokitin ruwa da tsumma mai laushi, a wanke farantin, ban da omo ban da soson ƙarfe, ka duba lambar da na'urar caji ke nunawa kafin wanki da bayan wanki ka rubuta a littafin nan naka.